Barewar Dutse da Gonar Riɗi

Faɗan farko da Gwaggo Fatsuma ta yi da ɗan wanta, Alhaji Misbahu, a kan wani faifan ƙarfe ne mai igiya. Kuma in za a faɗi gaskiya laifinta ne, don ba kowace tsohuwa Allah yake nufa da ganin gwarzo ido da ido ba. Ita an kawo mata shi har ɗaki, ta kasa gane shi.

Alhaji Misbahu ba ƙaramin mutum ba ne. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata a Dutse. Yana da ofis mai labule, da kujera mai juyawa, da tumbin da ke riga shi shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin shi ya iso. A shekarun da sa'o'insa suke neman ƙarin fili ko kujerar Makka, shi sai Allah ya tono masa wata baiwa da ta kwanta a jikinsa tun haihuwa ba wanda ya sani, wato gudu. Likita ne ya ce masa ya riƙa ɗan taka ƙasa da safe saboda hawan jini. Ɗan takawa aka ce. To amma mutum irin Alhaji Misbahu ba ya yin abu ɗan kaɗan. Kafin shekara ta zagayo ya tafi Legas gudun fanfalaki, irin wanda ake tara dubban mutane a sake su a titi tun da sassafe. Ya dawo da ƙarfen nan a wuya, da sabon suna da ya raɗa wa kansa da kansa, ba rago ba liman: Barewar Dutse.

Da ya zo ƙauyensu, Garin Modibbo, can kan hanyar Miga, ɗakin Gwaggo ya fara shiga. Bai durƙusa ba. A tsaye ya gaishe ta, ya ce ta yi haƙuri, gwiwoyin nan yanzu ba nasa ba ne shi kaɗai, amanar Jigawa ne. Sannan ya cire ƙarfen ya ɗora mata a tafin hannu.

“Gwaggo, taɓa ki ji. Lambar yabo ce. Tun da aka kafa zuri'armu ba wanda ya taɓa kawo irinta.”

Gwaggo ta juya ta, ta ƙwanƙwasa ta da farce. “Ma sha Allah. Kai ka zo na ɗaya ke nan?”

“Wani ɗan Kenya ne.”

“Na biyu fa?”

“Gwaggo, ba a nan take ba. Mu masana gudu abin da muke dubawa shi ne kammalawa.”

“To su waye aka ba irin wannan?”

“Duk wanda ya kammala.”

“Au,” in ji Gwaggo, ta miƙa masa abinsa. “Ashe goron ɗaurin aure ne. Duk wanda ya halarta sai an miƙa masa.”

Daga nan aka ɓata. Barewa ta juya a fusace, ta ce dama ba a nuna wa jahili abu mai daraja. Gwaggo ta ce gaskiya ne, ita ba ta yi boko ba, amma tun tana yarinya ta san in mutum ya ruga to ko dai wani abu ya biyo shi ko shi ya biyo wani abu, ya faɗa mata wanne ne nasa. Ya shiga mota, direbansa Barau ya ja. Barau ɗin nan ne daga baya ya ba Gwaggo labarin cewa lokacin da maigidansa ya isa ƙarshen gudun a Legas har an fara naɗe rumfuna, masu shara ne suka tafa masa.

Da a nan abin ya tsaya, da ba komai. Mutum da kuɗinsa da gwiwarsa, in ya ga dama ya ruga har Agadas. Sai dai girma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Legas ta yi wa Barewa kaɗan. Wai akwai wani gudun a ƙasar Turawa, inda ake yinsa cikin sanyi, tutocin duniya suna kaɗawa, kuma a binciken Alhaji Misbahu ba a taɓa ganin ɗan Jigawa a can ba. Wannan abin kunya ya hana shi sukuni. Jiha guda, da gwamnanta da jami'arta, a ce ba ta da wakili? Ya ɗauki nauyin a wuyansa, ba wanda ya roƙe shi. Matsalar ɗaya ce: jirgi ba ya ɗaukar mutum don kishin jiha, masauki ma haka, ga takalma da ake cewa sai an yo odarsu. Ya duba hagu ya duba dama, sai idonsa ya sauka a kan gonar gado.

Gonar nan ita ce rayuwar Gwaggo Fatsuma. Ta mahaifin Misbahu ce. Lokacin da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gida, wanta ya kai ta bakin gonar ya ce, “Fatsuma, ki ci a nan har ƙasa ta rufe idonki.” A baki aka yi, a gindin kanya, kuma waɗanda suka ji duk sun riga mu gidan gaskiya. Tun daga nan take sa a noma mata gero a tudu, riɗi a gangare, ta kewaye iyaka da zoɓo. A cikinta take ci, a cikinta take sayen maganin ƙafa, a cikinta take yi wa jikoki kantu in sun zo hutu. Yanzu ga labari ya iso mata cewa Alhaji Yahuza, dillalin riɗi, ya taya, an kuma sallama, saura a zauna gaban maigari da liman a shaida ciniki kafin ruwa ya sauka.

Gwaggo ta ɗaure ƙullinta, ta hau motar kasuwa, sai Dutse.

Munira, matar Misbahu, ta karɓe ta hannu biyu, ta shimfiɗa mata a falo. A nan Gwaggo ta yi kwanaki tana kallon ikon Allah.

Abin da ta fara gani shi ne kabad ɗin gilashi. An kwashe kwanukan auren Munira an tura ƙarƙashin gado, an jera takalma a madadinsu, wannan ruwan ɗorawa, wancan kore shar kamar ɗanyen lemo, kowanne da ranar fitarsa. Da an idar da sallar asuba sai a fara shirin Barewa, shirin da ya fi na amarya daɗewa. Za a sa wani wando wanda ko yaron goye aka ɗinka wa sai uwarsa ta ce a ƙara yadi. Za a sa riga mai kama jiki, tumbi ya fito ɗas kamar an kife ƙwarya. A manna filasta a karan hanci, wai don iska ta sami hanya, kamar da can ta baya take shiga. A goya wata jakar ruwa mai siririn tiyo da ke zagayowa har baki, irin na marar lafiyar da aka yi wa ƙarin ruwa. Sai baƙin tabarau. Sai uwa uba agogo, wanda wata Baturiya ke zaune a ciki, lokaci lokaci ta yi magana, shi kuma ya amsa mata cikin ladabin da bai taɓa yi wa Munira ba.

Rana ɗaya Gwaggo ta ce a tafi da ita ta ga abin da idonta. Ta zauna a bayan mota, Barau ya kunna fitilu masu walƙiya, suka bi Barewa a baya. Kai, gudu ya yi gudu. Masu adaidaita sahu suna wuce shi, wannan ba abin magana ba ne, inji ne. Ɗalibai masu tafiya jami'a suna wuce shi suna hira, su ma yara ne, jininsu na tafasa. Amma da wani dattijo mai tura kurar ruwa ya zo ya wuce shi, har ya waiwayo ya ce, “Sannu Alhaji, Allah ya ba da lafiya,” sai Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki.

Da suka isa gindin duwatsun nan da suka ba garin suna, Barewa ta tsaya, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan wani ɗan dutse da ko akuya ba za ta kira shi hawa ba, ta ɗaga hannu sama. Barau ya fito ya durƙusa, ya ɗauki hoto ta ƙasa yadda manyan duwatsun za su fito a baya. Aka ɗauka, aka goge, aka sake ɗauka. Gumin da Barau ya yi a wajen hoton nan ya fi na mai gudun. Kafin su koma gida duniya ta gani a waya cewa yau ma Barewar Dutse ta murƙushe tsauni.

A gida kuwa an kafa dokar abinci. An kori tuwo, wai yana kashe ƙafa. An kori man ja da man gyaɗa. Taliya fara sol ake dafa masa, da dafaffen ƙwai da ayaba, ya zauna yana ci yana yi wa iyalinsa wa'azi a kan yadda Bahaushe yake haƙa kabarinsa da cokali. Gwaggo dai ta lura kullum in ya dawo daga motsa jikin yamma akwai ƙanshin ƙuli da yaji a gemunsa, kuma Barau ba ya haɗa ido da kowa. Wataƙila iskar Dutse ce haka.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ƙanƙara. Ana tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa gurasa a tsakar gida, yara suna shan ruwan randa da ɗumi, sai a sayo ƙanƙara buhu guda a juye a bahon wanki, mataimakin darakta ya shiga ya zauna a ciki, haƙoransa suna kaɗawa, yana cewa haka 'yan Kenya suke yi.

Ranar da ta samu ya zauna, ƙafafunsa a kan matashi, Gwaggo ta yi maganar da ta kawo ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta iya ba. Ta ce masa ubansa ya ba ta gonar nan ta ci har ta mutu, kuma ga shi ba ta mutu ba, in yana gaggawa ya ɗan ƙara haƙuri, ba da yawa ya rage ba.

Alhaji Misbahu ya gyara murya irin ta taron ma'aikata.

“Gwaggo, matsalarmu a ƙasar nan ita ce ƙarancin hangen nesa. Ke gona kike gani, ni tarihi nake gani. Mene ne gona? Ƙasa ce. Kowa yana da ƙasa. Amma mutum nawa ne a Jigawa za su iya kilomita arba'in da biyu da ƙafarsu? Ranar da zan tsallaka layin nan da tuta a hannuna, ba Misbahu ne ya tsallaka ba, ke ce, Garin Modibbo ne, Afirka ce. Batun abinci kuma kada ki damu, duk wata zan riƙa aiko miki da shinkafa.”

Gwaggo ta san shinkafar Misbahu. 'Yar'uwar rufin ɗakinta ce da ya yi alkawari tun kafin a haifi 'yarsa ta fari, yarinyar da yanzu take jami'a.

Gwaggo ta kalli takalman cikin gilashi. Can ta nisa.

“To shi ke nan, ɗan nan, gonarka ce. Ni abin da ya fi damuna ma ba ita ba ce. Maganar da ake yi a gari ce.”

“Wace magana?”

“Bar shi kawai.”

“Gwaggo, wace magana?”

“Cewa ake yi wai ƙarfen nan a kasuwar Legas ka saya. Wai ba wanda ya taɓa ganin gudunka sai a hoto.”

Ba ƙarya ta yi ba. Ana faɗa a gari. Ita ta fara faɗa a bakin rijiya, kuma ita ma 'yar gari ce.

Barewa ta miƙe tsaye, matashi ya faɗi. Ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ranar da za a shaida cinikin nan da ƙafarsa zai zo, tun daga ƙofar gidansa a Dutse har ƙofar gidan maigari, a guje, cikin cikakkiyar shigar gasa, don maƙiya su gani su mutu. Dama shirinsa yana bukatar dogon gudu na gwaji. Munira ta ce, “Alhaji, da wannan ranar?” Ya ce mata ita ba ta san kimiyyar jiki ba.

Gwaggo ta koma gida. Mata suka shigo yi mata sannu da zuwa, suna tambayar mutanen Dutse. Ta ce Munira lafiya, yara lafiya. Aka ce Alhaji fa? Sai ta kalli ƙasa, ta ce, “Ku dai taya mu da addu'a.”

Aka matso. Ita kuwa ba ta ƙara ko gishiri ba, abin da ta gani ta faɗa. Da asuba yake fita da ɗan kamfai. Ba wanda ya biyo shi. Akwai wata mace da ke yi masa magana a hannu yana amsawa. Ya daina cin tuwo. Yana zama a cikin ƙanƙara. Ba ya durƙusa wa manya. Kuma ya ce shi barewa ne.

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Malam Modibbo, dattijon da kakansa ya kafa garin, wanda duk yankin aka sani da yi wa masu irin wannan lalura addu'a da hayaƙi. Malam ya girgiza kai. Ya ce mahaifin yaron nan mutumin kirki ne, ba za a zuba ido a bar ɗansa ya shiga duniya ba.

Ranar ciniki ta zo, ta faɗo ranar kasuwa. Aka yi shimfiɗa a ƙofar gidan Maigari Isah. Ga liman, ga dattawa, ga Alhaji Yahuza cikin babbar riga yana ta duba hanya. Gwaggo ta zauna daga gefe a bakin zaure, ta lulluɓe, kamar wadda ta zo karɓar gaisuwar mutuwa.

Abin da ya faru a hanya kuwa, Barau ne ya faɗe shi daga baya. Barewa ta fito daga gida a guje kamar yadda ta rantse, Munira da maƙwabta suna kallo. Ta yi gudu har ta sha kwana. A nan kimiyyar jiki ta nuna cewa zafin ya wuce ƙa'ida, aka shiga mota aka kunna sanyi. Sai da suka zo mararrabar da kwalta ta ƙare, inda ake hango rimin garin, sannan ya sauka. Ya juye gorar ruwa a kansa da ƙirjinsa, ya ce wa Barau ya ɓoye motar a bayan kuka, kada ya kuskura ya motsa ko ya kira shi sai shi ya neme shi.

Masu dawowa daga kasuwa ne suka fara hango shi. Wani abu ruwan ɗorawa yana tahowa, cinyoyi a waje, tiyo a baki, filasta a hanci. Mata suka kauce suna salati. Wani ya ce, “Alhaji, lafiya? Tsaya mana!” Alhaji ya ɗaga masa hannu irin na manya, bai tsaya ba, don in ya tsaya Baturiyar agogo za ta rubuta. Ya zo gindin tsamiya inda tsofaffin garin suke zaune, sa'o'in ubansa, waɗanda suka ci tuwon sunansa. Suka yi masa sallama. Ya wuce su fuu, ko waiwaye.

Wannan ita ta yanke shakka. A Garin Modibbo ana iya yafe wa mutum tsiraici, a ce zafi ne. Amma ɗan gari ya wuce dattawa ba gaisuwa, to ba shi kaɗai ba ne a jikinsa.

“Ku tare shi! Kada ya faɗa rijiya!”

Da Alhaji Misbahu ya ji ihu a bayansa, ya waiwaya ya ga jama'a sun biyo shi, sai daɗi ya kama shi. Ga tarbar da ya cancanta. Ya ƙara wuta, ya saki duk abin da ya tara a watannin taliya da ƙanƙara. Wanda ya kama shi wani manomi ne da ya fito daga gyaran gona, kuma ko fartanyar da ke kafaɗarsa bai ajiye ba.

Aka rufa masa zane, aka ɗauke shi cak kamar buhun gero, sai ƙofar maigari. Yana ta wutsil-wutsil yana ihu.

“Ku sake ni! Kun ɓata mini lokaci! Kun san ko ni wane ne? Ni ne Barewar Dutse!”

Malam Modibbo, da ya riga ya iso da kaskon garwashi, ya gyaɗa kai cikin natsuwa. “Alhamdu lillahi, ya faɗi sunansa da kansa. Wasu sai an kwana uku ana fama.” Daidai nan Baturiyar agogo ta yi magana. Jama'a suka ja da baya. Malam ya ce, “Ga ta biyun nan. Ku riƙe hannun da kyau.” Aka zuba garin magani a wuta, aka lulluɓe Barewa da hayaƙi, tana tari tana ambaton matakin albashinta.

Da ƙura ta lafa, Maigari Isah ya sa aka zaunar da shi a tabarma, zane a kafaɗa. Maigari mutum ne mai sanyin magana. Yana da talabijin a ɗakinsa, yana da ɗa mai buga ƙwallo a Dutse, kuma shekara da shekaru duk kaka kantun Gwaggo Fatsuma yana shiga gidansa. Abin da ya sani da abin da bai sani ba, rawaninsa ya rufe.

“Alhaji Misbahu, sannu. Ina motarka?”

Nan fa. Kalma ɗaya ce za ta cece shi. Ya ce tana mararraba, a kira Barau ya zo ya yi bayani, a watse. Ya kalli jama'a, ya kalli masu cewa a kasuwa ya sayi ƙarfe. Ya ɗaga haɓa.

“Da ƙafata na zo. Tun daga Dutse.”

“La ilaha illallahu,” in ji taron gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Mai mota har biyu, a wannan rana da ko jaki an ɗaure shi a inuwa.

“To,” in ji maigari. “Wa ya biyo ka?”

“Ba kowa, ranka ya daɗe. Atisaye ne. Shiri nake yi na zuwa Turai.”

“Gonar ubanka da za ka sayar, a can za ka sayi wata?”

“A'a. Gudu zan je yi.”

“Su za su biya ka?”

“Ni zan biya.”

“Kai za ka zo na ɗaya?”

“Ranka ya daɗe, ba a nan take ba. Abin da ake dubawa…”

Maigari ya ɗaga hannu, ya ce ya isa, kada a wahalar da shi. Ya juya wajen zaure. “Iya Fatsuma, ke kika yi kwanaki a gidansa. Me kika gani?”

Gwaggo ta gyara lulluɓi. “Ranka ya daɗe, ni jahila ce, shi ma ya faɗa. Ban san sunan ciwo ba. Na dai san na goya yaron nan, kuma wanda na goya yana cin tuwo yana gaida mutane.”

Liman ya yi gyaran murya ya faɗi abin da kowa ya sani, cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai da cikakken hankali, kuma dukiyar wanda ke cikin lalura amana ce a wuyan jama'a, ba a taɓa ta sai ya samu sauƙi. Alhaji Yahuza bai jira ƙarshen bayani ba. Ya tattara babbar rigarsa, ya ce shi ɗan kasuwa ne mai mutunci, ba zai sayi abin da gobe za a ce ya cuci marar lafiya ba, Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne. Maigari ya yanke cewa gona ta ci gaba da zama a hannun wadda take noma ta, har ranar da jama'a suka shaida Alhaji Misbahu ya dawo daidai. Aka shafa fatiha. Dattawa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna dafa kan mataimakin darakta suna tofa masa addu'a.

Bayan azahar aka kai shi ɗakin Gwaggo. Ta ciro tsohuwar rigar ubansa daga adaka ta ba shi ya rufa asiri. Ta ajiye masa tuwon gero da miyar kuka, da man shanu yana narkewa a kai. Barewa ta dubi tuwon nan mai kashe ƙafa, ta wanke hannu. Sai da malmala ta biyu ta yi nisa sannan ya ɗago, idanu jajur saboda hayaƙi, filastar hanci ta ɓalle gefe ɗaya tana lilo.

“Gwaggo, ke kin san lafiyata ƙalau.”

Gwaggo ta tura masa kwanon ruwa.

“Na sani mana, ɗan nan. Ai ba a hana ka gonarka ba, cewa aka yi sai ka warke. Alamar warkewar kuwa duk garin nan an san ta, ka daina gudu. To ranar da ka daina gudu, me za ka yi da kuɗin gona? Ci tuwonka. In ka gama ka kira Barau ya fito da motar nan daga bayan kuka, tun hantsi masu tallan fura suke ba shi ruwa.”